Shekarar da Fankar Haruna ta Tashi

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a gidan nan, kuma na gaji da jin ta ta bayan labule. Wai ni na ɗauki Baffanku Haruna a mota na kai shi bakin shingen 'yan sanda saboda wani abin wasan yara, na dawo gida ni kaɗai. Wanda ya fara faɗa ban kama shi ba, kodayake akwai wadda nake zargi, kuma ɗaki ɗaya muke kwana da ita. Motar tawa ce, wannan gaskiya ne, ni ne kuma na tuƙa. Sauran labarin ne ba ku sani ba. Zan rubuta muku shi da Hausa, in ya so wanda Hausarsa ta gaza a cikinku ya kai wa mahaifiyarku ta karanta masa, ta ƙara nata gishirin.

Haruna ba ɗan mahaifina ba ne, nono ne ya haɗa mu. Mahaifiyarsa ta zo aikin hajji da cikinsa, ta haife shi a ɗakin ƙasa na gidanmu na unguwar Misfala a nan Makka, ba ta yi arba'in ba Allah ya karɓi abarsa. Mahaifinsa ya bi bayanta tun yaron bai fara tafiya ba. Inna tana goyona a lokacin, sai ta ɗauke shi ta haɗa mu, kuma har ta bar duniya tana cewa ya fi ni ci. Mahaifina ya samu zama ɗan ƙasa, mu 'ya'yansa muka gada. Haruna bai gaji komai ba sai sunan ubansa, don babu wanda zai iya nuna ranar da iyayensa suka shigo ko inda fasfonsu ya shiga. Baba ya yi ta zirga-zirga a kan maganar har ya haƙura. Haka muka tashi muna ci a kwano ɗaya, ni da hawiyya a aljihu, wato katin ɗan ƙasa, shi kuwa aljihunsa sai sukudireba da guntayen waya. Duniyarsa gaba ɗaya daga Misfala ce zuwa Harami, sai lokacin hajji ya fita Mina da Muzdalifa da Arfa yana gyaran fankoki da injinan sanyaya ruwa a tantunan alhazai. Jidda da ke nan kusa bai taɓa taka ta ba. In na dawo daga can ina cika baki da labarin teku, sai ya ce ai ruwa ne dai, akwai shi a tankin gida.

Shekarar da nake magana a kai ita ce wadda na ajiye tuƙin bas, na zauna a gida na addabi kowa. Haruna yana ɗakin saman soro shi kaɗai. Matarsa ta rasu, 'yarsa guda kuma, Hadiza, an kama ta shekarun baya tana sayar da abinci a bakin titi, aka tura ta Najeriya, ƙasar da ba ta taɓa gani ba. Dangin uwarta suka karɓe ta a Zariya, ta yi aure ta hayayyafa, shi kuwa jikokinsa a waya kawai ya san su. A shekarar ne kuma ciwon suga ya fara cin idonsa. Yana ɓoyewa, amma ni ba ya iya ɓoye min. Na ga yana laluben kan ƙusa da yatsa kafin ya ɗora sukudireba, mutumin da a da yake zura wa Inna zare a allura.

Faisal mijin 'yar'uwarku Maryam ne ya kawo mana fitinar, ba da niyya ba. Kun san aikinsa, ɗaukar hoton gine-gine daga sama a Jidda, da irin ɗan jirgin nan marar matuƙi da ake sarrafawa daga ƙasa. Wani tsoho a cikinsu ya faɗo ya karye, ya zo da shi a kwali zai zubar, Haruna ya tare shi a matakala ya karɓe kwalin. Daga ranar muka rasa Haruna. Wata da watanni yana sama da madubin ƙara girma ɗaure a goshi, yana narka dalma, yana aiken Faisal ƙananan kaya. Fankokin maƙwabta suka taru a ƙofar ɗakinsa suna jira. Safiya mahaifiyarku, wadda tun ranar da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa barin ƙanin mijinta ya sha iska ba, ta hau ta leƙa, ta ce fanka huɗu kawai aka ɗaure wa kwanon sha. Sunan ya bi abin, har Faisal ya koma ce masa fanka.

"Abu Hadiza," in ji ta, "mutane suna gyaran fankar da za ta ba su iska, kai kana gyaran wadda za ta gudu ta bar ka."

"Ke dai ajiye shayin, ya Safiya. Ranar da ta tashi, ke za ta fara ɗauka hoto kina tsakiyar faɗa, a aika wa 'yan'uwanki su gani."

Wata Juma'a bayan an ci abinci muka ji wani ƙugi daga sama. Muka hau a guje. Haruna ya ɗaure fankarsa da igiyar shanya a jikin tukunyar gas, ta ɗaga daga ƙasa kamar kamu ɗaya tana fizgar igiyar, iskarta ta kwashe zannuwan Safiya ta watsa. Shi kuwa yana tsaye yana dariya har da hawaye. Rabon da in ga ya yi irin wannan dariyar tun kafin a tafi da Hadiza. Faisal ne ya yi tsalle ya kashe abin. Ya ce a cikin Makka ba a tayar da irin wannan sam, sai wanda aka ba izini na musamman. Ya ce ko a wajen Makka ma yanzu doka ta ce kowane jirgi sai an maƙala masa wata 'yar na'ura da za ta riƙa shelar lambarsa da inda mai shi yake tsaye, duk jami'in da ya ɗaga waya ya san na wane ne. Lambar kuma da hawiyya ake yankar ta, ko da iƙama, takardar zaman baƙo.

Haruna ya shafa bayan abin, sannan ya ce, "Wato ita ma sai da iƙama. To, mun zama mu biyu a gidan nan."

Tausayi ne ya kama Faisal, shi ya sa ya yi suɓul da baka. Ya ce akwai wani fili da hukuma ta keɓe a bayan gari, ta wajen Jidda, inda masu ƙera jiragensu da hannu suke taruwa. A cikin filin nan ba a neman na'urar shelar. Sharaɗin kawai kada jirgi ya ƙetare iyakar filin, kada kuma ya ɓace wa ido. Na taka masa ƙafa, amma magana ta riga ta fita. Filin yana bayan taftish, shingen binciken da ke kan hanyar shiga Makka. Mai fita ba a cika kula shi ba, mai dawowa ake tsayarwa. In aka tsayar da mu aka ce Haruna ya kawo takarda, daga nan sai gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu, kuma ba zai sake ganin Makka ba. Ni ma da na ɗauko shi ba zan tsira ba, mota za ta tafi, wataƙila in ɗanɗana ɗaki.

Gidan ya kama da wuta. Safiya ta rantse za ta sa taɓarya ta farfasa fankar, ta ce tsofaffi biyu da furfura za su kashe kansu a kan abin da ko iska ba ya bayarwa. Maryam ta kawo shawarar Faisal ya je ya tayar, ya ɗauko a waya a nuna wa Ammi Haruna, kamar yadda kuke kiransa. Haruna ya tambaye ta ko in tana jin yunwa za ta yarda mijinta ya ci mata abinci ya turo hoto. Ni kuma da nake ganin na fi kowa dabara, na ce a sayi na'urar a yanki lambar da sunana, a nemi wani wuri mafi kusa.

"Shehu," ya ce min, don shi bai taɓa kirana Usman ba, "ɗakin da nake kwana da sunanka yake. Layin wayata da sunanka. Ko na'urar awon sugan nan da sunanka aka saya. Wallahi ban raina ba, Allah ya saka. Amma wannan guda ɗaya ka bar min ita."

Na ƙi, na kuma daɗe a kan ƙin. Ni mutum ne mai tsoron hukuma, a tuƙin da na yi duk tsawon rayuwata ko jar wuta ban taɓa tsallakewa ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ya daina yi min maganar, ni ma na yi kamar na manta. Sai wata la'asar na hau na same shi zaune yana fuskantar Harami. Daga soronmu ana hango hasumiyar agogo sarai, kun sani. Ya tambaye ni ƙarfe nawa. Na ce ga agogo a gabanka kamar ya faɗo maka. Ya ce bara yana karanta lokaci daga nan, bana sai dai ya ga wani abu tsaye dogo. Na sauko na zauna a mota ban kunna ta ba, na yi kuka mai isata, sannan na hau na ce masa ya zaɓi rana. Muka bari hajji ya wuce, gari ya yi sauƙi, muka tsayar da wata safiya a tsakiyar mako. Faisal zai same mu a can daga Jidda, don shi ɗan ƙungiyar filin ne, mu baƙinsa. Safiya ta ce in mun tafi kada mu dawo mata, sannan ta cika mana filas da shayi.

Da safen Haruna ya ce mu fara biyawa Harami. Ban kawo komai a raina ba, mai fita gari ya nemi albarka ai ba laifi. Muka yi ɗawafi cikin jama'a, muka yi raka'a biyu, muka sha Zamzam. Na juya na nufi ƙofa, na yi 'yan taku, na ga babu shi a gefena. Da na waiwaya sai na gan shi yana tahowa da baya da baya, fuskarsa tana kallon Ka'aba, yana jan ƙafa a hankali. Ku da kuka tashi yanzu wataƙila ba ku san wannan ba. Tsofaffin alhazan ƙasarmu, in sun gama ɗawafin bankwana za su koma gida, ba sa yarda su juya wa Ɗakin Allah baya, haka suke fita har sai ya ɓace musu. Malamai sun sha faɗa cewa abin ba shi da asali. Muna yara ni da Haruna mukan laɓe muna jiran wanda zai yi karo da ginshiƙi mu yi dariya, har Baba ya taɓa zane mu a kai. Ɗan Makka kuwa ba ya ɗawafin bankwana, don ba inda za shi. Na koma wurinsa da sauri.

"Haruna, me kake yi haka?"

"Riƙe min hannu, kada in take wani."

"Ba ka da niyyar dawowa."

"Riƙe min hannu, ya Shehu. Ba a jayayya a nan."

Na riƙe. Ni ina kallon gaba, shi yana kallon baya, haka na fito da shi har farfajiya. Wani mai gadi ya buɗe baki zai yi masa wa'azi, ya dubi fuskarsa ya fasa. A bakin mota na ce mu tsaya mu sayi gurasa da wake mu karya, don in samu lokacin da zan shawo kansa. Ya ce in saya in ina so, shi ya gama ciniki a garin nan. Da na buɗe bayan mota sai ga 'yar jaka a ƙarƙashin kwalin fanka, ban san lokacin da ya sa ta ba.

A nan ne nake so ku tsaya ku fahimce ni. Makulli yana hannuna, Misfala tana bayanmu kaɗan, babu abin da zai hana ni juya kan mota. Na faɗa masa haka. Ya ce ya sani, kuma in na juya ba zai yi fushi ba, zai dai nemi wata motar. Ya ce idon nan saura kaɗan, yana so ya kashe ragowarsa a kan abu biyu, ya ga fankarsa a sama, ya ga fuskokin 'ya'yan Hadiza ba ta cikin gilashi ba. Ya ce makaho marar takarda a saman soro kaya ne, ranar da ya faɗi ciwo ko ya mutu ni za a tsare da tambaya. Na ce kayan nawa ne, wa ya kai masa ƙara? Na zage shi, na ce masa butulu, na tuna masa duk mai rai burinsa ya mutu a Makka, shi an haife shi a ciki zai sa ƙafa ya fita. Ya bar ni na gama.

"Allahn Makka shi ne na Zariya," ya ce. "Kuma ba guduwa zan yi ba. Ta ƙofa zan fita, da sallama."

"Safiya fa? Ko sallamar ba ka yi mata ba."

"Da na yi mata, da ta zauna a bakin ƙofa. Kai ka taɓa iya ɗaga ta?"

Na kunna mota na ɗauki hanyar Jidda. Wannan shi ne abin da na yi, kuma ko yau aka dawo da ni wurin haka zan sake yi. Kuɗinsa na biya, don mahaifiyarku ta daɗe ba ta yi min magana ba sai ta bakin Maryam, kuma ban ga laifinta ba. Wanda take yi wa faɗa kullum aka ɗauke mata.

Filin ba wani abin kallo ba ne. Tsakuwa ce shimfiɗe, an kewaye da waya, da rumfa guda da 'yan kujeru, da sanduna masu jan ƙyalle da ke nuna iyaka. Mutanen da muka tarar yawancinsu masu furfura ne irinmu, kowa ya durƙusa gaban nasa jirgin. Mai kula da wurin ya juya fankar Haruna sama da ƙasa, ya duba ɗaurin batir, ya nuna mana sandunan, ya faɗi iyakar tsayin da aka yarda. Ya ce dole ido ya kasance a kan jirgi koyaushe, in na mai tuƙi bai isa ba wani ya tsaya kusa da shi ya duba masa. Haruna ya nuna ni ya ce ga idonsa nan ya zo da shi, tsoho ne amma yana aiki.

Ta tashi. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ta ɗan yi tangaɗi, ta daidaita, ta yi sama tana ƙugi, babu igiya babu tukunyar gas. Haruna ya bi ta da ido har inda idon ya tsaya, daga nan ya koma bin ta da kunne, ni kuma ina ihu, dama, dama, ya isa, za ka fita iyaka. Ya ce in rage murya, ba bas yake tuƙawa ba. Faisal ya kawo masa wayar da ke nuna abin da jirgin yake gani, ya kara masa ita dab da hanci. Haruna ya juya fankar a hankali ta fuskanci gabas. Duwatsu ne baƙaƙe jere, sai can a tsakaninsu, cikin hazo, tsinin hasumiyar agogo ya leƙo siriri. Ya daɗe yana kallo, hannunsa ko motsi ba ya yi.

"Ashe haka baƙi suke fara ganinta," ya ce. "Shi ya sa suke kuka a cikin bas ɗinka."

Ya tayar da ita ya sauke har batir ya ƙare, mutanen filin suka kewaye shi suna tambayar yadda ya ɗinke karayar. Ya sha shayin Safiya, ya ce sukari ya yi kaɗan, in faɗa mata. Sannan ya miƙa wa Faisal kwalin, ya ce a riƙa kawo ta nan tana shan iska. Faisal bai gane komai ba, ya sumbaci kansa ya kama hanyar Jidda.

Abin da ya biyo baya kun san shi. Ya yi zamansa a gidan tarhil, aka sa shi a jirgi, Hadiza ta tare shi. Ya ga jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, ya kira ni ya ce ƙaramar hancin Inna gare ta, duk da babu jinin da ya haɗa su. Idon bai kai damina ta biyu ba. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda muka rabu, don ban taɓa iya faɗa da baki ba.

A hanyar dawowa, da muka hango rumfar taftish ya ce in tsaya. Ya sauka da jakarsa, ya ce in wuce ni kaɗai, kada a gan mu tare. Muka rungumi juna a bakin titi, manyan motoci suna watsa mana iska. Na shiga layi ina laluben hawiyyata, sai na ga layin ba ya tsayawa. Askarin da ke gadin shingen yana zaune da kofin shayi, yana yi wa kowa alama da hannu ya wuce, ko ɗaga kai bai yi ya dube ni ba. Na faka a gaba, na dawo da gudu, ni da rabona da gudu tun ina saurayi. Na same shi yana tahowa a gefen titi, yana bin farin layi da ƙafa.

"Ba sa dubawa! Wallahi yau ba sa duba kowa. Zo mu tafi gida, Haruna, don Allah."

"Na ji," ya ce. "Tun daga can na ji babu motar da ta taka birki."

"To, mu tafi mana."

"Na riga na yi bankwana, Shehu. Je ka, rana tana dukan ka."

Ya gyara min hulata da ta karkace garin gudu, ya wuce ni. Na tsaya ina kallonsa har ya isa bakin rumfar. Ya ajiye jakarsa a ƙasa, ya harɗe hannu a baya, ya jira har askarin ya gama shan shayinsa, sannan ya yi masa sallama.